Kyanwar da Ta Sauya Wurin Barci

Ranar Laraba da hantsi, a gaɓar Pasir Panjang, ma'aikacin tasha ya buɗe kwalbar man da aka ɗebo daga tankin jirgin ruwa mai suna Seri Pagi, ya shinshina, ya yamutse fuska. Takardar jirgin ta ce tataccen man suya injinsa yake sha maimakon dizal, kamar yadda doka ta nema. Abin da ke cikin kwalbar kuwa dizal ne tsagwaronsa.

Idan laifin ya zauna a kan Kyaftin Teo Boon Kiat, ranar Juma'a za a karɓe lasisinsa, bayan shekara talatin a ruwa.

Sajan Zubaidah, 'yar sandan da aka ba binciken, ba ta iya tunani a zaune. Tana kai da komowa ta tambayi Teo, "Kawu, wa ya kira masu duba mai?"

"Ni da bakina! Mahaukaci ne ni da zan kira su in na san abin da ke ciki?"

"Kana sauka ɗakin inji?"

"Da wannan gwiwar? Rabona da tsanin nan tun bara."

Ta wuce wurin Goh, mai jirgin sayar da mai. Ko tsayar da tauna bai yi ba.

"Jirage huɗu na shayar ran Asabar, tiyo ɗaya. Je ki tsaya bayan sauran ukun. In yunwa ba ta kama ki ba, dawo ki ɗaure ni."

Ta je. Hayaƙinsu ƙamshin soyayyiyar ayaba yake yi, har cikinta ya yi ƙugi. Makanikansu kuwa duk hannu baƙi ƙirin, suna ta tsine wa matatar mai ta cikin inji da ke toshewa. Ta cire Goh daga ranta.

Saura Murugesu, makanikin Seri Pagi. "Yaya, abin da aka zuba shi nake ƙonawa," in ji shi, ya buɗe tafukan hannunsa. Tas suke, kamar na mai sayar da magani.

Ta zagaya gaɓar sau uku kafin Mak Som mai kofi ta kira ta.

"'Yata, za ki cinye takalminki. Kowa ya rikice, har Manaja ta yi ƙaura."

Manaja wata kyanwa ce mai kunne ɗaya. Tun da Seri Pagi ya koma man suya, kusa da bututun hayaƙinsa take kwana, wataƙila tana mafarkin kifi.

"Ina ta koma?"

Mak Som ta nuna da haɓa. Manaja tana miƙe a ƙofar rumfar da Murugesu ke ajiye kayan aiki.

Da aka buɗe rumfar a gaban Teo da Murugesu, ga durom shida cike da mai ruwan zuma, ga kwalin sababbin matatu ba a taɓa ba.

"Man suya yana kwaso dattin tsohon tanki ya toshe matata," in ji Zubaidah. "Kowane makaniki a nan yana fama da ita, ban da kai. Kai ka zuƙe shi ka zuba dizal. Hannunka ya sa na zarge ka, kyanwa ta nuna min ƙofa."

Murugesu ya zauna a kan bokiti. "Ko cokali ban sayar ba. Sau biyu inji ya mutu a tsakiyar hanya, ƙaton jirgin kwantena yana tahowa kanmu. Na ce a wanke tanki, Kawu ya ce ba lokaci."

Ta juya ga Teo.

"Ya faɗa min," ya ce. "Rubuta wannan ma."

Ta rubuta. Ranar Juma'a aka bar wa Teo lasisinsa da sharaɗin wanke tanki, Murugesu kuma ya tafi gaban alƙali.

Ran Litinin, da jirgin ya koma shan man suya, Manaja ta koma bututunta. Daga can ta leƙa tana kallon tsoho Teo yana sauka tsanin ɗakin inji, mataki ɗaya ɗaya, da sabuwar matata a hammatarsa.