Waƙar da Ba Ta Kama Suna Ba

"Saminu, dube ni... wa ya biya ka?"

Mastura ce ta jefa masa tambayar a ƙofar gidansu a unguwar Agege ta Legas, idanunta sun yi jajir.

"Haba Mastu, har da ke?"

"Har da ni! Baba ya ce an fasa aurenmu!"

Saminu yaron mota ne a Apapa. A ƙarƙashin tirela ya haɗa waƙarsa "Layi Ya Yi Tsawo", yana kukan yunwa da tsadar gari. Kafin ka ce me ta cika wayoyin 'yan okada masu haya da babur da 'yan dakon kasuwar Mile 12. Matsalar ɗaya ce, bai kama sunan kowa ba. Mu kuwa mun saba duk waƙar siyasa tana da ubangida. Nan 'yan adawa suka ce tasu ce, masu mulki suka ce zambo ne aka saya.

Alhaji Na'Allah, mahaifin Mastura, shi ne shugaban jam'iyya mai mulki a unguwar. Shamsu ɗan ƙanensa, wanda ya daɗe yana haɗiyar miyau a kanta, shi ya rantse masa 'yan adawa ne suka ɗauki nauyin waƙar.

"Wallahi ba wanda ya ba ni ko sisi, tauraruwata. Yunwa ce ta biya ni."

"To da wa kake?"

Ya sosa ƙeya.

"Ni ma ban zauna na tantance ba..."

Kanta ya ƙara ɗaurewa. Ta dai isar da sharaɗin Baba: ranar Asabar ya hau dandamalin gangami, ya saka sunan ɗan takararsu Badaru a waƙar, ya karɓi liƙi. Kowa ya san da zarar kuɗi ya taɓa goshin mawaƙi, waƙa ta yi mai ita.

"Ka yi saboda ni, masoyina... suna ɗaya ne fa."

Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Zan yi."

Asabar fili ya cika maƙil. Mastura ta yi zaton 'yan jam'iyya za ta gani, sai ga 'yan dako da gammonsu, ga samarin da aka ƙwace wa babura. Wata Bayerabiya mai sayar da biredi tana ta rera amshi a gefenta.

"Mama, kina jin Hausa ne?"

"Ba ji ko ɗaya o! Amma nawa waƙa ne."

Ita fa Mastura auren take so, to me ya sa take jin kamar ta aiki mutum sata?

Saminu ya iso gurbin suna. Badaru ya matso da sababbin kuɗi a hannu. Saminu ya nemo idonta cikin taro, yana jira.

Ba ta san sanda ta girgiza masa kai ba.

Ya kauce wa liƙin, ya miƙa wa jama'a makirfo.

"Layi ya yi tsawo!"

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Badaru ya ɗauka yabonsa ake yi, ya kama rawa. Shamsu yana ta ihu, "Kun gani ko? Ɗan adawa ne!" Baba kuwa ya kaɗa riga ya fice.

Ta sha kuka ranar. Da hannunta ta rusa aurenta, kuma ko a wuƙa aka sa ta ba za ta iya faɗin dalili ba.

Da safe ta kai wa Baba shayi, sai ta ci birki a bakin ƙofa. Amshin yake yi ƙasa-ƙasa, yana kaɗa ƙafa.

"Baba...?"

Ya yi gyaran murya, kunya ta kama shi.

"A saman tirelar albasa na shigo Legas, Mastura. Na yi dako har gashin kaina ya zube. Ki ce wa yaron nan ya turo magabatansa."

Ta ajiye masa shayin.

"Baba, ka gane da wa yake?"

Ya kalli babbar rigarsa da ke rataye a bango.

"Da a da ne, na san da bakina yake magana. Yanzu kuwa ina tsoron da ni yake."