Ɗakin Jatau da Ya Haifi Kifi

"Na ce maka kar ka haƙi tafkin nan!"

"Baƙin ciki kake min, Yaya Sallau. Kai ka yi ɗaki har da taga, ni in zauna a zauren Baffa?"

Ku matso, ku yi ƙasa da murya. Jatau kenan da ɗan baffansa Sallau. Tunda Sallau ya gina ɗaki, ko tuwo Jatau ya kai baki sai ya ji ɗaci. Ya rantse nasa sai ya fi tsawo.

Bazara ce, tafki ya bushe ƙaƙas. Da magariba Jatau ya kora jaki can, shi kaɗai, ya hau saran baƙar laka ta tubali. Jakin ya kafa kunne. Sai ga wata mata tsaye. Ƙasa duk ta tsattsage, amma ƙafafunta ɗigar ruwa suke yi. Muryarta kamar daga cikin randa.

"Bawan Allah, 'ya'yana kake sara."

"Ina 'ya'yan?"

"Ƙwansu na cikin lakar, barci suke. Ruwan farko za su tashi. 'Yan kifin nan masu jar wutsiya, da kuke cewa daga sama suke faɗowa. Mai feshin maganin gona ya kashe min rabi. Sallau da zai yi ɗaki, ya bar min nawa."

Da bai ji sunan ba, da ya gudu.

"Au, Sallau ne ya turo ki? Ki gaishe shi."

Ya cika mangala. Ya yi tubali, ya tada ɗaki, taga biyu.

Ruwan farko ya sauko. Jatau na kwance ya ji bango na motsi. Fil. Fil-fil. Wani abu mai sanyi ya faɗo masa a wuya. Ya haska. Kifi ne ke fitowa daga tubali, ƙanana kamar yatsa. A bakin ƙofa kuma ga ƙafafun nan.

"Maido min su. Kar ɗaya ya mutu."

Da ƙwarya ya kwana yana jigila zuwa tafki, tana biye da shi. Kafin asuba ɗakin ya narke, ya bi ruwa.

Sallau ya same shi zaune a kan ƙyauren ƙofa, ga mutane sun taru.

"Ka ga abin da nake gudar maka. Kar wanda ya sake zuwa tafkin nan shi kaɗai, balle da diga."

Jatau ya share laka daga ido, ya harari ɗakin Sallau.

"To kai naka ɗakin, ko kifi ɗaya ya taɓa haifa?"