Mai Tari a Kaset Ɗin 1976

A garinmu Kitwe ba a kawo wuta sai ƙarfe ɗayan dare, shi ya sa nake aikin kaset a lokacin. Wata uku ina fama da guda ɗaya, wasan wasu masu jita a zauren mahaƙa tagulla, 1976. Wanda ya naɗi wasan cikin 'yan kallo yake, kuma kusa da shi akwai wani mai tari: biyu gajeru, sai ƙirji ya yi ɗan fito. Abokaina masu tara irin waɗannan kaset suka ce in goge tarin a kwamfuta kafin mu raba. Na goge arba'in, saura ɗaya, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wani dattijo ne da wando mai faɗin ƙafa. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake, alhali rabonmu da ruwa wata biyar.

"Baban Lombe, kai ne mai gyaran kaset?"

"Haba Baba, da tsakar daren nan? Idona har yaji yake. Ka dawo da safe."

"Ran wasan nan daga ramin tagulla na wuce zauren, ko wanka ban yi ba," in ji shi. "Ba ni da hoto ko ɗaya, ɗana. Ka bar min na ƙarshen."

Na buɗe baki zan tambaye shi na ƙarshen me, sai ya kau da kai ya rufe baki da hannu.

Biyu gajeru. Sai fiton.