Mabuɗi a Wuyan Kurege

Da hantsi aka buga wa ofishin 'yan sanda waya: wutar lantarki ta kashe mutum a sabon layin dogo.

Sufeto ya tarar da gawar a gindin turken ƙarfe, an lulluɓe ta da tamfol. Kurege ake ce wa mamacin saboda saurin hawa. Yana cikin masu ɗaura wayar da za ta ba jiragen kaya da na fasinja wuta, a huta da hayaƙin man gas. Sufeto ya ɗaga tamfol ya daɗe yana dubawa. A wuyan gawar akwai ɗan mabuɗi rataye da sarƙa. Ya cire ya sa a leda.

Manajan aikin ya iso yana sharce gumi.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba. Wansa ne ya kunna masa wuta. Na sa masu gadi sun kulle shi."

"Ka gan shi da idonka?"

"Kowa ya ji shi jiya yana cewa sai wayar nan ta ci mutum."

A sito aka kulle wan, direban tsohon jirgin gas, wanda ake wa laƙabi da Hayaƙi. Idanunsa sun yi jajir.

"Na faɗa, ban musa ba!" in ji shi. "Na ce, kai Kurege, igiyar da za ta shaƙe aikin wanka kake saƙawa. Faɗan 'yan ciki ɗaya ne. A bayan nan na goya shi! Yanzu yana kwance a rana, ni an ɗaure ni kamar akuya?"

"Ka taɓa shiga ɗakin wuta?"

"In yi me? Ni da sabon injin lantarkin nasu ko gaisuwa ba ma yi. Tun da aka kawo shi yake zaune a rumfa, layin har ya yi tsatsa."

Sufeto ya gyaɗa kai ya fita.

A ɗakin wuta, mai kula da makunni ya nuna masa hannun ƙarfen da ake ja a saki wuta. Ya ce ƙa'ida ɗaya ce: duk mai hawa turke sai ya maƙala kwaɗonsa a hannun nan, ya rataya mabuɗi a wuya. Ba mai cire na wani, ko sama za ta faɗo.

"Ina na Kurege?"

Ya nuna wani jan kwaɗo a buɗe, rataye a ƙusa. "Da kansa ya cire. Sai ya yi mantuwa ya sake hawa."

Sufeto ya fito da mabuɗin ya gwada. Ko kansa bai shiga ba.

"Kwaɗon nan ko maiko bai taɓa gani ba. Manaja ya ce wansa, kai ka ce shi da kansa. Ƙaryar ma ba ku haɗa baki ba?"

Mutumin ya ce, "Wallahi aike na aka yi. Da na dawo na tarar an ja hannun."

"Wa ya aike ka?"

Idon mutumin ya tafi ga ofishin manaja.

Sufeto bai shiga ofishin ba. Rumfar inji ya nufa, ya tsuguna ya shafa ƙarfen layin. Sannan ya sa a kira manaja.

"Mabuɗin injin nan a hannun wa yake?"

"Nawa."

"Ya motsa yau?"

"Ko taku ɗaya."

"To tsuguna ka duba. Gefen ƙarfen tsatsa, samansa yana walƙiya tun daga rumfa har kwana. Aljani ne ya goge shi?" Muryar Sufeto ta tashi, abin da kofur ɗinsa bai saba ji ba. "Injin nan ba ya tafiya sai da wuta. Wuta ba ta zuwa sai an cire kwaɗo. Mabuɗin kwaɗo kuwa a wuyan gawa na same shi!"

Manaja ya zube a kan duwatsun layi.

"Gobe manya za su zo ganin gwaji, ban taɓa tayar da shi ba. Na kira Kurege a oba-oba, shiru. Na ɗauka ya sauka cin abinci. Sai na datse kwaɗon da almakashin ƙarfe, na jefa a tankin ruwa. Wancan jan kwaɗon a sito na ɗauko. Da na ga mabuɗin a wuyansa sai na tuna maganar wansa, na ɗora masa laifin."

"Ka ɗauka," in ji Sufeto. "Da ka leƙa taga, da ka gan shi a sama. Kofur, ankwa."

Da aka buɗe sito, Hayaƙi ya yi kan manaja, sai da mutum uku suka riƙe shi. Yana huci ya bi motar da aka sa manaja da kallo har ta fita ƙofa. Sannan ya juyo wurin Sufeto.

"Ranka ya daɗe, mabuɗin ƙanena?"

"Shaida ce. Sai bayan kotu."

"To riƙe shi da kyau. Duk gidan nan, shi kaɗai ne bai yi wa Kurege ƙarya ba yau."