Ƙararrawa Uku a Kwanar Gidansu

"Sunanka na gani a allon tasha, Mas Darsono."

Da wannan Sumirah ta tari saurayinta, bai ko gama goge baƙin gawayin hannunsa ba. Mas, wato yaya, haka ake girmama namiji a garinsu. Taragon da yake tuƙawa na tsaye bayansa yana huci, 'yan kasuwa na sauke kwandunansu.

Shekara biyu ana maganar za a ja layin taragon garin daga kasuwa har kamfanin sukari da ke gindin dutse. Yanzu an fara shimfiɗa ƙarfe, an liƙa takardar neman direbobin da za su tare can. Kowa zillewa yake yi, don wurin da nisa, ba asibiti, ba kasuwar kirki. Sai ga sunan Darsono a sama, shi da iyayensa suka riga suka kai gaisuwa gidansu.

Ya ce yana shirin faɗa mata. Ta tambaye shi yaushe, ranar da ya ɗaure kayansa?

"Dik, ƙanwata, ki yi haƙuri... alkawari na ɗauka."

"Wa ka yi wa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Dama tana da wadda take zargi.

Sau biyu ta hango shi a ƙofar marinar da yayarta Wartini ke zanen batik, wato yi wa yadi ado da narkakken kaki kafin a rina. Wata mai sayar da shayi ma sai da ta yi mata ba'a: "Direban naku ya buɗe sabuwar tasha a marina, ko kamfani ya sani?" Sumirah ta yi dariyar yaƙe.

Ga kuma maganar tsallake. A gidansu ƙanwa ba ta riga yaya aure sai yayar ta yarda, ta kuma faɗi kyautar da za a ba ta. Wata zane take nema, wata zobe. Wartini kuwa wata huɗu ke nan, duk sanda mahaifiyarsu ta tambaye ta sai ta ce tana tunani. Har ran nan ba a sa ranar biki ba.

Daga tasha Sumirah marina ta nufa, a ƙafa, don ta rantse ba za ta hau taragonsa ba.

Ta tarar da Wartini zaune gaban kaskon kaki, tana zana ganye a farin yadi. Ko gaisuwar kirki babu ta zazzage abin da ke cikinta: ziyarar Darsono, sunan da ke allo, wata huɗun da aka shanya ta.

"In kina son sa ne, Mbak, yayata, ki faɗa mini a fuskata. Ya fi wannan kisan mummuƙen."

Wartini ta hura bakin abin zanen, ta ajiye shi a hankali. Ta tambaye ta ko ta tuna ranar da Darsono ya fara kaɗa ƙararrawa a kwanar gidansu.

Wa zai manta? Kowane direba sau ɗaya yake kaɗawa a kwanar nan. Darsono kaɗai ke yin uku, kullum ƙarfe bakwai na safe, har maƙwabta na cewa agogon Sumirah ya buga.

"Ke kina taga ran nan," in ji Wartini. "Ni ina ƙofa ina shara. Ban san kina bayana ba."

Sumirah ta nemi wuri ta zauna.

Shekara guda cur Wartini tana fitowa shara ƙarfe bakwai, da fure a gashinta, tana zaton don ita ake kaɗawa. Ba ta gane ba sai ranar da iyayensa suka zo, tana bayan labule da tiren shayi, ta ji sun ambaci sunan ƙanwarta.

"Ba mijinki nake nema ba, Dik. Shi ya zo ya tambaye ni kyautar da nake so, na ce kada in sake jin ƙararrawa ukun nan a ƙofarmu. Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Sabon layi kuwa shi ya zaɓa, wai ba zai iya wuce kwanar bai kaɗa ukun ba."

Ya kamata Sumirah ta ji sanyi. Maimakon haka wani kishin ne ya taso mata, mai zurfi fiye da na farko. Ashe duk safiyar da take ɗauka tata ce ita kaɗai, su biyu suke rabawa. Ashe Darsono na iya riƙe sirrin wata mace har ya bar budurwarsa tana kuka. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, sai idonta ya sauka kan yatsun yayarta da kaki ya ƙona.

Ta haɗiye maganar. Ta ce gindin dutse da nisa, in ta bi shi can wa zai riƙa tsefe mata kai? Wartini ta ce ai tarago zai kai can, ita ma tana da ƙafar hawa.

Ranar tsallaken, bayan Wartini ta yarda, da sassafe aka shimfiɗa farin zaren da ƙanwa za ta tsallake a tsakar gida. Sumirah ta durƙusa ta nemi gafarar yayarta. Wartini ta ɗaga ta, ta dogara da sandar rake a hannu ɗaya, ɗayan ta kama hannun ƙanwarta. Mahaifiyarsu na gefe tana share ido.

Suna dab da zaren ƙasa ta fara motsi. Taragon ƙarfe bakwai ne, a makon Darsono na ƙarshe a tsohon layi.

Ƙararrawar ta buga sau ɗaya.

Dukansu biyu suka tsaya suna jiran sauran. Taragon ya sha kwana, hucinsa ya yi nisa. Hannun Wartini ya matse nata, sannan ya sassauta.

"Taka, Dik," ta ce, muryarta can ƙasa. "Tsallake ni."