Motar da Yaya Ya Zaɓa

Hinda na bakin murhu tana tankaɗen garin gero lokacin da Shafi'u ya shigo gida da wayarsa a hannu, fuskar nan a washe kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dungas, duk gari Mushe ake ce masa kamar yadda ake kiran malaman boko, har matar tasa ma, sai dai ita in ta faɗa akwai wata 'yar lanƙwasa da take yi wa sunan wadda shi kaɗai ya san kanta. Ya jawo kujera ya zauna dab da ita, ya ce ta bar garin nan haka ta zo ta ga motocinsu.

Motoci biyu ne a hoton, duka okaziyo, waɗanda wasu suka hau suka gaji, suna wurin wani dillali a Magarya. Ɗaya baƙa ce wuluk mai sheƙi, ga kujerun fata, ga kilim mai sanyaya cikin mota, amma cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ɗayar kuwa tsohuwar kat-kat ce ƙarama, irin mai ja da taya huɗu, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa ko shuɗiya ce ko ruwan toka, ƙofarta ta baya sai an tokare ta da gwiwa take rufuwa. Ba ta da kyau ko na anini, doguwar ƙafa kawai Allah ya ba ta. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, kuma ɗaya tak aljihunsa zai iya ɗauka.

Hinda ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce mummunar ta yi kama da tsohon jakin babanta, mai kunne ɗaya. Sannan ta ɗora yatsa mai gari a kanta, ta ce ita take so. Shafi'u ya ce ai shi ma tun a hanya ya gama zaɓa, gwada ta kawai yake yi.

Ba don ado suke neman mota ba. Sau biyu Hinda na yin ɓari, kuma duka bayan ta sha jijjiga a bayan baburin kabu-kabu. Wannan cikin na uku Allah ya riƙe shi, amma ungozomar likita, wato asibiti, ta yi musu kashedi da babbar murya: ranar haihuwa a kawo ta Dungas da wuri, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Ita kuma Inna Huraira, mahaifiyar Hinda, ta kafe a kan sai 'yarta ta zo goyon ciki, domin a zuri'arsu ba a taɓa haihuwar fari a ɗakin miji ba. Ƙauyensu, Garin Maina, yana can bayan Guci, hanyar yashi ce zalla. Aka yi ta kai ruwa rana, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: za ta je gida, amma da zarar naƙuda ta taso Shafi'u zai zo da mota ya ɗauke ta. Don a cika kuɗin motar Hinda ta sayar da karsanarta, wadda babanta ya ba ta tun tana budurwa.

Matsalar ita ce, Shafi'u ba ya sayen ko akuya sai da sanin yayansa Alkasim. Tun da mahaifinsu ya rasu Alkasim ya ɗauke shi, shi ya ciyar da shi, shi ya sa shi lakwal, shi ya tsaya masa a wajen aure. Ɗan kasuwa ne a Magarya, mai hannu a buɗe da baki a buɗe, kuma a iya sanin Shafi'u bai taɓa ce masa a'a ba.

Da suka isa wurin dillalin, Alkasim ko kallon kat-kat ɗin bai yi ba. Ya shige baƙar, ya kunna kilim, suka hau gudro, titin kwalta, suka yi zagaye, tana tafiya sumul kamar a kan tabarma. To, wace mota ce ba ta da kirki a kan gudron Magarya? Shafi'u ya yi ƙarfin hali ya ce, cikin ƙaramar murya, hanyar Guci akwai yashi, ga damina ta kama. Alkasim ya ce a rage iskar taya shi ke nan, su da suka tsufa a tuƙi sun san wannan. Sannan ya juya ga mutanen da ke zaune a inuwa.

"Ku ji fa. Ƙanina, mushe guda, zai shiga Dungas a cikin waccan akwalar ina raye. Ko dai matarka ce ta zaɓa maka?"

Aka kwashe da dariya. Shafi'u ya san gaskiya, tana nan a kan harshensa, amma nauyin yaya da dariyar mutane suka danne ta. Ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda Yaya ya gani daidai ne.

Ranar da ya shiga Dungas da ita, yara suka bi shi da gudu, mata maƙwabta har da guɗa. Hinda ta fito zaure da cikinta a gaba, ta dubi motar, ta dubi ɗan tazarar da ke tsakaninta da ƙasa, ta koma ciki. Sai da 'yan barka suka watse ya same ta a ɗaki tana ninke kayan jariri.

"Mushe, ba ita ba ce," in ji ta.

"Yaya ne ya zaɓa."

"Yaya ne zai haihu?"

Ta ci gaba da ninke kayanta. Da ma zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Da lokacin tafiyarta ya yi, ya kai ta Garin Maina a motar, kuma ko a ranar sai da suka kafe a wani kwari bayan Guci, manoma suka tura su suna ta barkwanci. Malam Tanko, mahaifin Hinda, ya zagaye motar da hannuwa a baya, ya ce Allah ya sa alheri, ya koma gindin bishiyarsa. Shafi'u ya dawo gida da niyyar mayar da ita a musanya masa da kat-kat ɗin. Amma me zai ce wa Yaya? Yau ya ce sai gobe, gobe ya ce sai an shiga hutu, ya yi ta lallashin kansa da cewa da sauran lokaci.

Ba sauran lokaci. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, wayarsa ta yi ƙara. Inna Huraira ce a wayar maƙwabci, ta ce ya zo yanzu, Hinda na zubar da jini.

Ya wuce Guci kamar zai tashi sama. A kwarin nan dai, ruwa ya tara yashi, manyan motocin kasuwa sun yi rami biyu sun bar tudu a tsakiya. Ya yi bisimilla ya taka. Motar ta hau tudun da cikinta ta zauna daram, tayoyi na juyawa a banza. Ya rage iskar taya kamar yadda Yaya ya ce. Ya durƙusa ya yi ta haƙa da hannu, ya karyo sabara ya cusa, ya sake haƙa har faratansa suka tsage. Manoma suka yar da hauya suka zo, aka ɗaga, aka tura, sai ga baƙin mai yana malala a kan yashi, ashe wani kututture ya fasa ta ta ƙasa. Ya kira ambilans, aka ce ta fita da wata mai haihuwa can wajen Dogo-Dogo. Mai kabu-kabu ya tsaya, amma wa zai ɗora mace mai zubar jini a bayan babur?

Yana gudu da ƙafa zuwa ƙauyen ya haɗu da amalanken shanu. Malam Tanko ke kora, Inna Huraira na riƙe da kan Hinda, ita kuwa tana kwance a kan katifa an lulluɓe ta da zane. Ya bi amalanken a baya yana kiran sunanta, suka zo suka wuce baƙar motar tana zaune a yashi tana sheƙi. Sai a Guci suka sami motar kasuwa da ta yarda ta ɗauke su.

La'asar ta yi kafin su kai likita. An ceto Hinda da ƙyar. Yaron kuwa, namiji, ya zo babu rai, kuma ungozomar ba ta ɓoye musu ba, ta ce da an iso da hantsi da wani zancen ake yi. Shafi'u ya karɓi ɗansa a naɗe cikin zanen da Hinda ta ninke da hannunta, ya ji duniya ta yi masa zafi, ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban surukinsa ba kunya.

Daga likita gidan ubanta aka wuce da ita. Aka gama wankan jego na jaririn da babu, aka yi arba'in, Shafi'u ya je biko, Malam Tanko ya tare shi a ƙofar gida. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda rai na Allah ne, amma 'yarsa ta sayar da karsanarta don ta tsira da ranta, shi kuma ya ɗauki kuɗin ya saya wa yayansa suna. Ya ce mutumin da ya ga rami ya kasa cewa ga rami don kunya, ba zai sake ba shi amanar rai ba, ya sawwaƙe mata kawai.

Shafi'u ya rame, ya yi baƙi. A aji sai ya tsaya da alli a hannu ya manta abin da yake rubutawa. Gidan ya yi masa faɗi, rariyar Hinda na rataye a inda ta bar ta, ya kasa taɓawa. Duk Juma'a bayan masallaci yakan hau baburinsa ya je Garin Maina, ya zauna a rana a ƙofar gida, ya gaida Malam Tanko, a amsa masa a daƙile, ya dawo. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, bai ga ko inuwarta ba. Abu ɗaya ya hana shi yanke ƙauna: kullum Inna Huraira kan miƙo masa fura, kuma ya san damun, na Hinda ne, da ɗan yajin da ta san yana so.

Alkasim kuwa ya aiko a kira shi. Ya sa an janyo motar an gyara, tana ƙofar kantinsa an wanke ta tas. A gaban abokan hirarsa ya ce ƙaddara ce, ta riga fata, in mutanen ƙauye na ja masa rai ya ba su takardarsu, mata ba su ƙare ba, shi zai yi masa wani auren kafin azumi. Shafi'u ya cire takalmi ya durƙusa.

"Yaya, kai ne ubana, ban da bakin gode maka. Ban taɓa ce maka a'a ba. Ranar da ya kamata in faɗa na yi shiru, na binne ɗana. Yau zan faɗa. Ba zan saki Hinda ba, motar nan kuma mayar da ita zan yi."

Alkasim ya dube shi ya daɗe, ya ce lallai ya girma, ya jefa masa makullin ya shige kanti. Shafi'u ya tsince shi a ƙasa, hawaye na zuba, amma bai janye maganarsa ba.

Kat-kat ɗin tana nan inda ya bar ta, don ba mai so. Dillalin ya ga ido ya raina fata, ya karya wa baƙar daraja, sai da Shafi'u ya haɗa masa da baburinsa kafin ya yarda.

Juma'ar da ya isa Garin Maina da ita, Malam Tanko ya taso ya zagaye ta, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta. Ya tambaya ko yayan nasa ya sani, Shafi'u ya gaya masa yadda suka yi. Tsohon ya ce shi dai ba zai ce ta bi shi ba, ba kuma zai hana ta ba. Can sai ga Hinda ta fito da ƙullin kayanta, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Shafi'u ya fara neman gafara, ta tsayar da shi.

"Na yafe maka tun a kan amalanke, da na ga hannuwanka. Jira nake in ji ko bakinka ya buɗe, Mushe."

Ta faɗi sunan da 'yar lanƙwasar nan tata. Ya karɓi ƙullin ya sa a baya, ya tokare ƙofar da gwiwa.

Da suka iso kwarin, ya yi bisimilla ya taka. Tsohuwar motar ta shiga yashin, ta yi gurnani kaɗan, ta haye. Shi ke nan. Ko numfashi biyu ba su ja ba. Hinda ta waiwaya ta dubi ɗan wurin da ya ci musu ɗa, ta ce ya tsaya. Ya kashe motar, ta kifa kanta a kafaɗarsa, suka yi kukan da ba su samu sun yi tare ba.

Mahaƙurci mawadaci. Allah bai bar su haka ba, domin bayan damina biyu wannan akwalar ce ta kai Hinda likita da hantsi, ta haifi 'yarta Aziza lafiya, kuma Alkasim da kansa ya zo suna da ragonsa, ko da yake bai yarda ya shiga motar ba. Ku matasa, girmama na gaba wajibi ne, amma biyayya ba ta hana faɗin gaskiya da ladabi, kuma kunyar da za ta sa ka yi shiru a kan ran wanda ke hannunka cuta ce. Shafi'u ya koyi wannan a kan kabarin ɗansa. Har yau, duk hirar da suke yi, in suka zo kwarin nan yakan kashe rediyo, su haye shiru.