Rigar Naɗin Dogo

Tela tana guga a falo, Yayarta na kwance kan doguwar kujera tana latsa waya, sai aka turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa. Maman Fada ce, da farin yadi a cikin leda.

Haka kowa ke kiranta a cocinsu tun ranar da ɗanta tilo, Dogo, ya shiga seminari, makarantar horar da Fada, har mutane suka manta da sunanta na gaskiya. Sai ga shi saura kaɗan a naɗa shi Fada, Dogo ya dawo gida, ya ce wa shugabanninsa yana son lokaci ya yi tunani. Kowa kuma ya san inda tunanin ya samo asali: shagon ɗinkin Tela, inda ya je aka auna shi.

"Sannu da zuwa, Mama. Ga wuri."

"Ba zama ya kawo ni ba." Ta dire ledar kan teburin guga. "Rigar naɗi za ki ɗinka masa. Awonsa na wurinki, ai na ji har zuciya kika auna."

Yaya ta tashi zaune. "Mama, ai shi ya zo da ƙafarsa —"

"Ba da ke nake ba. Tun yaron nan yana ciki muka gama magana da Allah a kansa."

"Shi Allah me ya ce?" in ji Yaya a hankali.

Maman Fada ta yi kamar ba ta ji ba. Ta juya ta fice, ta bar ƙofa a buɗe.

"Ki mayar mata da kayanta," in ji Yaya. "Ko ki yanka masa wanduna, yadin zai isa."

Tela ba ta yi dariya ba. Ta cire dutsen guga daga wuta, ta zauna ta yi kuka.

Al'adarta ce kullum in an tashi addu'ar Mas ta safe a coci ta tsaya a bencin baya, ta fuskanci jar fitilar da ke kusa da bagade, teburin ibada na gaban coci, ta yi shiru kafin ta je ta buɗe shago. A da shirun nan hutu ne. Yanzu in ta zauna, ba ta jin komai sai ƙarar fanka da tsintsiyar mai shara. Da abin ya ishe ta, ta tare tsohon Fadan cocin a bakin ƙofa.

"Fada, na gaji. Ina tambaya, ina tambaya, ba amsa."

"Wace amsa kike jira?"

Ta sunkuyar da kai.

"Wato kin rubuta wa Allah amsar, sa hannu kawai kike so ya yi," in ji shi. "Me ke kan teburinki yau?"

"Riga."

"To fara da ita."

Da Dogo ya ji, sai ga shi a shago, kansa na taɓa saman ƙofa kamar kullum.

"Siriyos? Ke za ki ɗinka rigar da za ta raba mu?"

"Riga ba ta raba mutane. Ni dai gaya mini, ni kake so, ko mamanka kake gudu?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wadda ka kasa amsawa." Ta ci gaba da ja wa yadin alli ba ta dube shi ba. "Tun da ka dawo, surutun Mama kake ji, da nawa, da na abokanka. Ka tafi gidan addu'ar nan na su Fada inda ake zaman shiru. Ba kira, ba mesej. In ka dawo ka ce riga, zan zo naɗinka in zauna a baya. Ba zan karɓi mijin da zai tashi wata rana ya ce na sace shi daga Allah ba."

Ya tafi cikin fushi. Ita kuma ta ɓata layin allin sau biyu.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Matan coci suka fara matsawa in ta zauna a benci. Maman Fada kullum tana shago, wai duba aiki. Ta ja kujera ta zauna, ta ciro rosari, carbinta na addu'a, ta riƙa addu'a da ƙarfi har ta rufe ƙarar keke, tana roƙon Allah ya kawar da masu tare wa bayinsa hanya. Tela ta ce "Amin" tana zura zare a allura. Waya kuwa ko motsi ba ta yi, kuma Tela ce da kanta ta hana kira, ba wanda za ta yi wa ƙorafi.

Wata safiya Maman Fada ta bi ta har bencin baya, ta zauna kusa da ita ta fara jan rosari da ƙarfi. Tsohon zaren rosarin ya tsinke. 'Ya'yan suka watse ƙarƙashin benci. Tela ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a hankici.

"Zan saka miki sabon zare, Mama."

Matar ta zauna da hannu wofi, ta rasa yadda za ta yi da shi. Can ta ce, "Ke me kike ce wa Allah, kin zauna kamar an dasa ki?"

"Ba na cewa komai. Ya riga ya san abin da nake so. Ni ce ban san abin da yake so ba."

"Yana amsawa?"

"Har yanzu dai fanka nake ji."

Maman Fada ta kusa dariya, ta haɗiye. Amma ba ta tashi ba. Washegari Tela ta miƙa mata rosarin a gyare. Ta karɓa, ta ja shi har ƙarshe cikin raɗa, sannan ta riƙe shi a cinya ta ci gaba da zama. Haka suka riƙa yi kowace safiya, ba mai ce wa wani uffan.

Ranar da Dogo ya dawo, aka aika wa Tela ta kawo riga. A falon Maman Fada ya saka ta. Kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya daidai wuyan hannu. Uwar ta juya bakin rigar ta bi ɗinkin da yatsa, tana neman inda aka yi mugunta. Ba ta samu ba.

Ta koma ta zauna, ta daɗe tana kallon fuskar ɗanta, ba rigar ba. Tela ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Kai," in ji uwar, muryarta ƙasa-ƙasa, "me ka ji a can?"

Tun yana yaro ba ta taɓa yi masa wannan tambayar ba.

"Na je da niyyar in Allah ya ce riga, in saka, Mama. Na gaya masa haka kullum. Amma duk lokacin da na ga kaina a bagade, fuskarki nake gani kina murna, ba shi ba. In na ga kaina da gida da 'ya'ya ina koya musu addu'a, sai hankalina ya kwanta. Na gaya wa Fadan da ke kula da mu. Ya ce shi ma wannan kira ne."

Hawaye ya zubo wa Maman Fada. Ta share da bakin zane.

"Cire ta kafin ka ɓata ta da zufa."

Ta naɗe rigar da kanta, ta ɗora a cinyar Tela.

"Abokinsa ɗin nan gajere, wanda uwarsa ta rasu, shi ma bana za a naɗa shi, kuma ba wanda ya ɗinka masa komai. Ki rage tsawon." Ta ja numfashi. "Sunana dai ba za ku ƙwace mini ba. In kin gama, 'yata, ki ce wa Yayarki mai bakin nan za mu zo ganin manyanku."

Tela ta durƙusa, ta rungume rigar.

Mutane da yawa suna addu'a su tashi kafin a amsa musu, wasu kuma su amsa wa kansu su ce Allah ne. Kiran Ubangiji ba a gadonsa, ba a ɗinka wa wani shi. Wanda aka kira shi zai ji, in na kusa da shi suka yi haƙuri suka bar masa shiru. Tela ta rage tsawon rigar a ranar, ta bar wadataccen yadi a lanƙwashe daga ciki, ko da sabon Fadan zai yi ƙiba a hannun sabuwar mamarsa.